Nauyin da Ya Fi Ƙarfin Mutum Ɗaya: Darasi Domin Masu Ƙaramin Ciniki

Wurin karatu: Littafin Fitowa, sura 18, daga aya 13 zuwa 27. A karanta shi da ƙarfi sau biyu kafin a shiga darasin.

Manufar darasi: Mu gane dalilin da ya sa mai ƙaramin ciniki ya ke gajiya fiye da kima, mu kuma koyi yadda zai rage nauyin ba tare da cinikinsa ya lalace ba.

Gabatarwa

Sa'ad da aka gai da mutum aka ce masa, Ina gajiya? sai ya amsa, Ba gajiya. Haka al'ada ta ke, kuma al'ada ce mai kyau. Amma a cikin kowace ikilisiya akwai waɗanda su ke ba da wannan amsa alhali kuwa gajiya ta kusa kā da su. Akwai mai kanti, da mai tebur a bakin hanya, da tela, da kafinta, da mai injin niƙa, da mai sayar da abinci, da mai gyaran waya. Su ne su ke fara buɗe ƙofa da sassafe, su ne kuma na ƙarshen rufewa da dare. Mutum ɗaya shi ne mai sarin kaya, shi ne mai sayarwa, shi ne ma'aji, shi ne mai bin bashi, shi ne kuma mai gadi. In ya kwanta, jikinsa ne kaɗai ya ke kan gado, gama zuciyarsa tana can kanti tana lissafi.

Littafi Mai Tsarki bai raina irin wannan wahala ba. A cikin karatunmu na yau za mu ga babban bawan Allah, watau Musa, ya faɗa cikinta, za mu kuma ga yadda aka fid da shi.

1. Abin da Yetro ya gani

Yetro firist ne na Madayana, surukin Musa ne kuma. Ya zo ziyara a jeji bayan da Isra'ilawa suka fito daga Masar. Kashegari ya ga Musa ya zauna yana yi wa jama'a shari'a, mutane kuwa suna tsaye kewaye da shi tun da safe har yamma. Kowace magana, ƙarama da babba, sai ta zo gaban Musa. Da Yetro ya tambaye shi dalili, Musa ya ba da amsa mai kyau: mutane suna zuwa neman nufin Allah, shi kuwa yana sanar da su.

Ku lura da wannan. Musa ba rago ba ne, ba mai son kansa ba ne, aikin da ya ke yi kuma aiki ne na gaskiya. Duk da haka Yetro ya faɗa masa a fili cewa hanyar da ya ke bi ba ta da kyau. Ashe, aiki ya kan zama mai kyau, amma yadda a ke yinsa ya zama mugu. Yetro ya nuna masa mutum biyu da za su sha wuya: Musa kansa, da jama'ar da su ke jiransa. Mai ciniki ya kan yi zaton shi kaɗai ne gajiyarsa ta shafa. Ba haka ba ne. Matarsa tana sha, 'ya'yansa suna sha, mai sayen da ya daka wa tsawa saboda ƙaramin canji shi ma ya sha.

Kalmar Ibrananci da Yetro ya yi amfani da ita a aya 18 domin gajiyar Musa, kalma ce da a ke faɗa a kan ganye ko fure sa'ad da ya yi yaushi. Ita ce kuma ta ke cikin Zabura ta 1, inda a ke maganar itacen da ke bakin ruwa. Ganye ba ya bushewa rana ɗaya. Ya kan soma laushi, ya sāke launi, sa'an nan wata rana iska kaɗan ta kaɗo shi ƙasa. Haka gajiyar mai ciniki ta ke.

2. Abin da likitoci suka gani

Sa'ad da mutum ya firgita ko ya damu, jikinsa ya kan zuba waɗansu sinadarai cikin jini, zuciya ta ƙara bugawa, ƙarfin jini ya hau. An yi mu haka domin mu iya gudu ko mu kāre kanmu a lokacin hatsari, bayan hatsarin ya wuce kuma jiki ya koma daidai. Amma wanda damuwa ba ta sakinsa dare da rana, jikinsa ba ya samun komawa daidai. Barci ya kan ƙaurace masa, ya zama mai saurin fushi da mantuwa, ya riƙa kuskure cikin lissafi.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fid da bincikensu a kan dogon aiki. Suka ƙiyasta cewa a shekarar 2016 mutum wajen 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya saboda yin aiki sa'a 55 ko fiye a mako. Suka ce wanda ya ke aiki haka, hatsarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya ɗara na mai aikin sa'a 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100.

Yanzu kowa ya yi lissafin nasa. Kantin da a ke buɗewa ƙarfe 7 na safe a rufe ƙarfe 9 na dare, sa'a 14 ke nan a yini. Kwana shida sun zama sa'a 84. In an haɗa da Lahadi, sa'a 98. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya ba da alama har ya yi ɓarna. Saboda haka ya wajaba mai ciniki ya riƙa zuwa a auna jininsa, ko da yana jin lafiya lau.

3. Nauyi iri biyu

Akwai nauyin da ba mu ne muka ɗora wa kanmu ba. A watan Fabrairu na 2002 babbar kasuwar Jos ta ƙone, dukiyar mutane da yawa ta zama toka. A farkon 2023, sa'ad da aka sāke takardun naira, kuɗin hannu ya yi wuya har masu kayan gwari suna kallon kayansu suna lalacewa don rashin mai saye. A ƙarshen watan Mayu na wannan shekara aka janye tallafin man fetur, farashinsa ya ninka fiye da sau biyu, kuɗin mota da na dakon kaya suka bi shi. Irin waɗannan ba su cikin ikon mai kanti. Sai haƙuri, da addu'a, da taimakon juna.

Amma akwai nauyi na biyu, wanda mu ne muka shirya shi da hannunmu: riƙe dukan lissafi a ka, ƙin yarda da kowa, ba da bashi ba ƙa'ida, haɗa kuɗin gida da na jari, da ƙin hutawa. Yetro bai iya rage yawan Isra'ilawa ba, bai kuwa iya mai da jeji ya zama gona ba. Abin da ya gyara shi ne tsarin aikin. Mu ma a nan za mu sa hannu. Wanda ya rage nauyi na biyu, shi ne zai sami ƙarfin ɗaukar na fari sa'ad da ya zo.

4. Shawara ta fari: a fid da ƙa'ida daga ka, a sa ta a fili

Kafin Yetro ya yi maganar mataimaka, sai da ya ce wa Musa ya koya wa jama'a dokoki da hanyar da za su bi. Dalilin a fili ya ke. In mutane sun san doka, rabin gardamar ba za ta kai gaban alƙali ba.

A kanti, ma'anar wannan ita ce rubutu. Tun shekarar 1494 wani malamin lissafi mutumin Italiya, Luca Pacioli, ya buga littafi a birnin Benis inda ya bayyana yadda fataken birnin su ke riƙe littattafan cinikinsu. Sun gane cewa kan mutum ba rumbu ba ne. Mai ƙaramin ciniki ba ya bukatar dukan dabarunsu. Littattafai uku na 'yan makaranta sun isa.

Na ɗaya, littafin shiga da fita: abin da aka sayar yau, da abin da aka kashe yau, kome ƙanƙantarsa.

Na biyu, littafin bashi: suna, da kaya, da kuɗi, da ranar da aka ɗauka, da ranar biya.

Na uku, littafin kaya: abin da aka saro, da farashin sari, da farashin sayarwa.

Wanda ya fi sabawa da waya ya iya riƙe waɗannan a cikinta, in dai zai kwafe su a wani wuri domin ranar da wayar za ta ɓace. Wanda bai iya rubutu ba, ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa kowace yamma. Minti goma sha biyar sun isa. Abin da ya shiga littafi ba ya bin mutum zuwa gado.

Sa'an nan a raba kuɗin gida da kuɗin ciniki. Mai kanti ya yanka wa kansa albashi na mako ko na wata, ya ɗauki wannan kaɗai. In an ɗebi shinkafa daga kanti domin girkin gida, a rubuta ta kamar yadda za a rubuta wa baƙo. Da yawa sun ce mayu ko maƙiya sun cinye musu jari, alhali kuwa tukunyar gidansu ce ta cinye shi kaɗan kaɗan.

5. Shawara ta biyu: a zaɓi amintattu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yetro ya lissafa halin mutanen da za a zaɓa: su zama masu iyawa, masu tsoron Allah, masu gaskiya, waɗanda ba su son ƙazamar riba. Ɗaya kaɗai cikin huɗun nan ya shafi gwaninta, uku sun shafi hali. Bai ce a zaɓi dangi ba, bai kuwa hana ba. Hali ne ma'auni. Kalmar da aka fassara da iyawa a nan, ita ce kuma aka ba macen kirki a sura ta ƙarshe ta littafin Karin Magana, wadda ta ke sayen gona, ta ke saƙa, ta ke sayarwa, tana kuma raba wa barorinta aiki. Wannan ya nuna shawarar ta shafi mata masu ciniki kamar yadda ta shafi maza.

A nan wani zai ce, Ai na taɓa ɗaukar yaro, ya cuce ni. Gaskiya ne, wannan ya kan faru, ba kuwa za mu ɓoye ba. Amma a duba yadda manyan 'yan kasuwar ƙasarmu suka yi da wannan matsala. A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin arewa da kudu shekaru masu yawa. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna tare da su, ya buga littafi a kansu a 1969. Ya nuna yadda mai gida ya ke sauke fatake, dillalansa su sayar da shanun ga mahauta, sau da yawa bashi, shi kuwa mai gida ya tsaya lamuni. Ba shi ne ya ke yin kowane aiki da hannunsa ba. Aikinsa shi ne ya san mutane, ya san wa za a yarda da shi, har kuma iyakacin nawa. Haka kuma 'yan kasuwar Ibo na Onica da Aba da Nnewi su kan ɗauki yaro ya yi shekaru yana koyo, a soma ba shi shara da dako, daga baya a bar masa kanti, a ƙarshe uban gidansa ya sallame shi da jari. Yaron yana tsare dukiyar domin ya san akwai rabonsa a gaba.

Daga waɗannan mu koyi abu uku. A soma amana da ƙaramin abu. A riƙa duba littafi tare a ranar da aka sa, domin lissafi yana tsare mai gida daga hasara, yana kuma tsare yaro daga jaraba da zargin banza. A biya shi hakkinsa a kan kari, gama wanda ya hana ma'aikacinsa lada shi ne ya fara koya masa sata.

Wanda kuwa cinikinsa bai kai ɗaukar yaro ba, ya nemi maƙwabci amintacce. Mata biyu masu tebur kusa da juna su kan iya karɓa-karɓa wajen zuwa sari, ɗaya ta tafi ɗaya ta tsare tebur biyu. An rage kuɗin mota, an kuma rage gajiya.

6. Shawara ta uku: a raba ƙananan al'amura da manya

Yetro ya ce a sa shugabanni a kan dubu, da ɗari, da hamsin, da goma. Ƙananan maganganu su ƙare a hannunsu, masu wuya kaɗai su kai ga Musa. Manzanni ma haka suka yi a Urushalima, kamar yadda sura 6 ta Ayyukan Manzanni ta nuna: da gunaguni ya tashi a kan rabon abinci na gwauraye, suka sa aka zaɓi mutum bakwai domin wannan hidima, su kuwa suka tsaya kan nasu aikin.

Mai ciniki ya zauna ya tambayi kansa, Wane aiki ne in ba ni ba, ba mai iya yinsa? Zai tarar ba su da yawa: sarin kaya, sa farashi, yanke shawarar bashi, da duba littafi. Saura duka a iya koya wa wani. A rubuta farashi a manna a bango, a faɗa wa yaro iyakacin ragin da zai iya yi. In mai saye ya ce ya turo kuɗi ta waya, ƙa'ida ɗaya ce ga kowa: kaya ba su fita sai an ga kuɗin ya shiga asusu. Da wannan mai gida zai iya zuwa asibiti ko jana'iza ba tare da ana kiransa sau goma ba.

A duba yawan kayan kuma. Taura biyu ba ta taunuwa. Littafin kaya zai nuna waɗanda su ke tafiya da waɗanda suka yi wata shida suna shan ƙura. Kayan da ba su tafiya kuɗi ne da aka ɗaure. A karyar da su, a mai da kuɗin cikin waɗanda a ke nema.

Babbar magana cikin duka ita ce bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba kuwa za a yi ciniki a unguwa ba tare da shi ba. Amma a yi wannan lissafi. In mutum yana cin ribar naira 10 cikin kowace naira 100 da ya sayar, ya kuwa ba da bashin naira 20,000 aka ƙi biya, sai ya sayar da kayan naira 200,000 kafin ribarsa ta kai abin da ya ɓata. Saboda haka a sa iyaka: wa za a ba, har nawa, zuwa yaushe, kuma ba sabon bashi sai an biya tsohon. Matalaucin da ka san ba zai iya biya ba, gara ka ba shi abin da za ka iya kyauta, ka rubuta shi kyauta. Ta haka ba ka rasa kuɗinka da ɗan'uwanka gaba ɗaya ba, kuma ba za ka riƙa kauce wa juna a ƙofar majami'a ba.

7. Ranar hutu

Surori biyu kafin labarin Yetro, a Fitowa 16, akwai labarin manna. An umarci jama'a su tara na yini ɗaya kowace safiya. Waɗanda suka ajiye ragowa don tsoron gobe suka tarar ta yi tsutsa. A rana ta shida suka tara ninki biyu, wannan kuwa bai lalace ba. Waɗanda suka fita nema a rana ta bakwai ba su sami kome ba. A zamanin Nehemiya kuma, sura 13, mutanen Taya suna kawo kifi da kaya iri iri suna sayarwa a Urushalima ran Asabar. Nehemiya ya sa aka rufe ƙofofin birni tun da yammacin jajibere, ya sa masu tsaro, har fataken suka daina kwana a bakin garu.

Mai kanti zai ce, In na rufe, masu sayena za su koma wurin maƙwabcina. Waɗansu za su koma ran nan, gaskiya ne, kuma akwai 'yar hasara a ciki. Amma masu saye su kan koyi kwanakin kanti in mai shi ya tsaya a kansu, su sayi na Lahadi tun ran Asabar. A auna kuma wannan 'yar hasara da ta wanda ya kwanta wata uku a asibiti, kantinsa a rufe, jarinsa ya tafi wajen magani. Hutu yana kuma koya wa zuciya abin da ta ke saurin mantawa, watau duniya ba a hannunmu ta ke ba. Mai ciniki ya sa wa kowace rana ma lokacin rufewa, ya kashe wayar ciniki bayansa, ya ci abinci tare da iyalinsa.

Kammalawa

Aya 24 ta ce Musa ya saurari surukinsa, ya kuwa aikata. Mutumin da ya tsaya gaban Fir'auna, ya bi da jama'a ta tsakiyar teku, ya karɓi gyara daga bakin baƙo wanda ya zo ziyara. Sau da yawa abin da ya hana mu rage nauyi shi ne muna jin daɗin a ce in ba mu, ba abin da zai tafi. Watakila Yetro naka yana cikin gidanka, ya kuwa daɗe yana faɗa maka ka huta. Sakamakon da Yetro ya ambata guda biyu ne: Musa zai iya jimrewa, jama'a kuma za su koma gidajensu da salama.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Musa yana yin aiki mai kyau. Me ya sa Yetro ya tsauta masa?
2. Su wane ne su ke shan wuya sa'ad da mai ciniki ya gaji fiye da kima?
3. Cikin nauyin da ka ke ɗauke da shi, wanne ne ya zo daga waje, wanne ne kuma kai ka shirya?
4. Halaye huɗu na mataimaki da Yetro ya ambata, wanne ne ya fi wuyar samu? Yaya za a gwada shi?
5. Ƙaƙa za a ƙi ba ɗan'uwa bashi ba tare da an ɓata zumunci ba?
6. Wace hanya ce ikilisiyarmu za ta bi ta taimaki masu ciniki waɗanda ba su iya rubutu da lissafi ba?

Aikin wannan mako

Kowane mai ciniki ya ƙidaya sa'o'in da ya yi aiki cikin kwana bakwai, ya rubuta. Ya sayi littafi ɗaya ya soma da na bashi. Ya kuma zaɓi aiki ɗaya tak wanda zai danƙa wa wani, ya koya masa. A zo da labarin yadda aka ƙare a taro mai zuwa.